Me ya sa babbar a-kori-kura ta fi ƙatuwar jif jan kaya? Tambayoyi da amsoshi

Wannan zancen na motocin Amurka ne, don can ne ake ɗaura wa motar gida tirela a yi ta zuga tafiyar kwana biyu da ita, dawakai ne, jirgin ruwa ne, tarakta ce, ko kuma gidan nan mai taya da suke kwana a ciki idan sun fita yawon hutu. Su da laba suke awo, laba ɗaya kuwa ba ta kai rabin kilo ba, to zan riƙa juya lissafin zuwa kilo don kar kai ya ɗau zafi.

Wai waɗanne motoci ake nufi da manyan a-kori-kura?

Ba Hilux ba ce fa. Hilux ɗin da muke gani ƙatuwa a nan, a can ajin matsakaita za a saka ta. A Amurka a-kori-kura hawa-hawa ce, akwai ta farko irin su Ford F-150, Ram 1500, Silverado 1500, sai manyan wato F-250, F-350, F-450 da Ford ke kira Super Duty, da Ram 2500 da 3500, da Silverado ko Sierra 2500HD da 3500HD. Da nauyi ake raba su, duk motar da ita da lodinta aka yarje mata ta wuce laba 8,500, kusan kilo 3,850 kenan, ta shiga sahun manya, har zuwa laba 14,000.

Manyan jif kuma su ne Chevrolet Tahoe da Suburban, GMC Yukon, Ford Expedition, Toyota Sequoia, Jeep Wagoneer, sai ka ƙara da Land Cruiser da Lexus LX da muka fi sani.

To nawa ne bambancin? Ko dai ɗan kaɗan ne ake zuzutawa?

Ina! Ba kaɗan ba ne. Tahoe iyakar abin da take ja laba 8,400, wajen kilo 3,800. Expedition ta shekarun 2018 zuwa 2024 laba 9,300. Sequoia ta 2023 laba 9,520. Wagoneer ce ta taɓo laba 10,000, kilo 4,500 da 'yan kai, kuma nan ne fa ƙarshen tika-tika a cikin waɗannan jif ɗin.

Je ka ɗaya ɓangaren yanzu. Silverado 3500HD laba 36,000, Ram 3500 ta 2021 zuwa 2024 ta ɗan haura 37,000, F-450 ta 2023 kuwa laba 40,000 cif, tan 18 kenan. In da siminti za ka lissafa buhu 360 ne, ya wuce rabin lodin tirelar nan ta buhu 600, amma dai har da nauyin tirelar kanta a cikin lissafin. Ninki huɗu na jif mafi ƙarfi.

Ai inji ne kawai, ko? Wanda ya fi girma shi zai fi ja.

Nan ne kusan kowa ke faɗawa rami. Inji na da rabonsa, za mu zo kansa, amma jan abu mai taya a shimfiɗaɗɗen titi ba wani abin a zo a gani ba ne. A 2006 Volkswagen Touareg ta ja jirgin sama Boeing 747 mai tan 155. A watan Oktoban 2012 Toyota Tundra ta ja kumbon Endeavour ta tsallaka gada da shi a Los Anjalas, nauyin ya haura tan 130. To me ya hana a rubuta wa Tundra tan 130 a takardarta? Don a hankali aka yi kamar tafiyar hawainiya, ba hawa ba gangare, ba kwana, ba wanda ya shigo gabanta ta taka birki. Ko mai tura kurar ruwa ya san motsa kura ba shi ne wahalar ba, tsayar da ita a gangare ne ke fitar da gumi.

Ga misalin da ya fi wannan kashe baki. F-150 da Expedition 'yan gida ɗaya ne, injin 3.5 EcoBoost ne a cikinsu duka biyun, amma F-150 ta 2021 an rubuta mata laba 14,000 ita kuwa Expedition 9,300. Haka Silverado 1500 da Tahoe, 13,300 da 8,400. In da inji ne kaɗai da sai su zo kunnen doki.

In ba inji ba, mene ne babban dalilin?

Inda kayan ke zama a jikin motar, da yawan abin da gindinta zai iya ɗauka. Duk tirelar da ka ɗaura ba ja kaɗai kake yi ba, wani kaso na nauyinta a kanka yake zaune, kuma dole ne ya zauna, don in gabanta bai danne motar ba za ta fara kaɗa wutsiya da zarar ka ɗan taka. Ƙa'idar da ake bi a Amurka kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari ne idan a ƙugiyar baya aka ɗaura.

Jif ba ta da wani wurin ɗauri sai wannan ƙugiyar ta ƙarƙashin bamba, can bayan tayoyin baya da wajen mita guda ko fiye. Ka ɗauki jaki, mangala a tsakiyar gadon bayansa ake aza ta shi ya sa yake tafiya da ita har kasuwa, amma ka ce a gindin wutsiyarsa za ka rataya ta, ai ko rabin kayan ba zai kai ba zai zauna. Haka motar take, nauyin ya danne baya, tayoyin baya su zama kamar tsakiyar sikeli, gaba ya ɗaga, sitiyari ya yi sako-sako, birkin gaba wanda shi ne mai yawan aikin ya rage kamu, fitila ta koma haska sama kana kashe wa masu tahowa ido. Kuma duk lokacin da tirelar ta karkata gefe, tana da dogon hannun da za ta murɗa gindin motar da shi.

A-kori-kura kuwa bayanta a buɗe yake. Sai a huda tsakiyar bodin a kafa ƙwallon ƙarfe daidai saman aksil ɗin baya, ko ɗan gabansa kaɗan, tirelar ta miƙo dogon wuya ta sauko a kai. Gusnek suke ce masa, wuyan dinya kenan da Hausa, kuma in ka ga siffar za ka yarda da sunan. Ɗaya nau'in faranti ne mai baki, sak irin wanda ke bayan kan DAF inda bodin tirela ke hawa ya kulle. Da wannan ɗaurin nauyi ya hau gadon bayan jaki, gaba ba ya ɗagawa, tirela ba ta da hannun murɗa mota, har ana iya aza kashi 15 zuwa 25 na nauyinta a kai. Duk manyan lambobin can na 36,000 da 40,000 da irin wannan ɗaurin aka same su.

A jif wannan gurbin kujerar baya ce ke wurin, yara na zaune suna cin biskit, ga rufi a sama. Ba inda wuyan dinya zai shiga.

To in an ɗaura wa dukkansu a ƙugiyar baya fa, sai su yi daidai?

A'a, har yanzu da rata. Manyan 3500 ko a ƙugiyar bayan suna jan laba 20,000, wasu ma fiye, wato ninki biyu na jif. Ramin ƙugiyar kansa ya bambanta, na jif inci 2 ne, nasu inci 2 da rabi ko 3.

Sauran bambancin a ƙarƙashin mota yake, sai ka sunkuya. Shasinsu ya fi kauri da zurfi. Sifirin ɗin baya na yawancinsu faifan ƙarfe ne jere a kan juna kamar na babbar mota, har da na taimako a sama wanda ba ya taɓa komai sai lodi ya danne. Aksil ɗin baya irin wanda nauyin mota ke zama a kan bututun ne ta kan boris biyu, sandar ciki aikinta juya taya kawai, a ƙananan motoci kuwa sandar ce ke juyawa kuma ita ke ɗaukar nauyi, aiki biyu a wuyan mutum ɗaya. Leƙa wili ka ƙirga noti, jif shida, su takwas, F-450 goma. Tayarsu mai kaurin gefe ce da ake bugawa iska har 80, sannan ga masu taya bibbiyu a kowane gefen baya, taya shida kenan a ƙasa.

Sai tsawo. Tsakanin tayar gaba da ta baya a Tahoe mita 3 ne da ɗan ɗori, Suburban mita 3.4, F-350 mai ƙofa huɗu da dogon baya kusan mita 4 da rabi. Duk yadda wannan tazarar ta ƙaru haka tirela ke shan wahala kafin ta juya motar, kuma motar kanta ta fi nauyi, ba a janta da sauƙi.

Me ya hana a saka wa jif irin waɗannan ƙarafan?

Mai sayen jif ba abin da yake nema kenan ba. Shi so yake ya kwashi mutum bakwai ko takwas, a shiga rami a fita uwargida ba ta ce wayyo bayana ba. Shi ya sa kamfanonin suka bi ta ɗaya hanyar, Expedition tun 2003 ta koma tayoyin baya masu motsi kowacce da kanta, Tahoe da Suburban suka bi sahu a 2021, don a samu laushi kuma ƙasan motar ya sauka mai zama a kujerar ƙarshe ya samu wurin miƙe ƙafa. Sifirin mai laushi kuwa shi ne mai saurin durƙusawa.

Sannan bodin kansa lodi ne. Dogon rufi, gilasai, kujeru jere uku, esi na baya, kafet, duk kilon da waɗannan suka ci daga kason tirela aka cire shi, don kamfani jimillar mota da tirela yake ƙayyadewa, abin da motar ta rage shi ne na ja.

An taɓa gwadawa kuwa?

An taɓa. Ford Excursion, daga 2000 zuwa 2005, a kan shasin F-250 aka gina ta, har da injin gas wato dizal, ƙatuwar gaske ce. Ita ma a laba 11,000 ta tsaya, kusan tan 5, saboda duk ƙarfinta a ƙugiyar baya dai za a ɗaura. Ga shan mai, ga ba ta shiga garejin mutane da yawa, shekara shida aka daina. Chevrolet ma sun daɗe suna yin Suburban 2500, bayan 2013 suka janye ta daga kasuwar jama'a. Har yau masu Excursion mai gas ba sa son rabuwa da ita, ni ma in na samu ba zan ƙi ba, amma kasuwa ta riga ta yanke hukunci.

To ina rabon injin da ka ce za mu zo kansa?

Ga shi. Abin dubawa a jan kaya ƙarfin murɗawa ne, wanda bakanike ke ce wa tok, ya fi ƙarfin doki muhimmanci a nan. Power Stroke 6.7 na Ford, mai ƙarfin cikinsu na 2023, doki 500 ne, amma murɗawarsa 1,200 a ma'aunin Amurka. Cummins 6.7 mai silinda shida a jere da ke cikin Ram 1,075, dama tun 1989 Cummins ke cikin wannan gidan lokacin ana ce musu Dodge. Duramax 6.6 na 2024 da ke cikin Silverado da Sierra kuma 975. Kwatanta da V8 6.2 na Tahoe, doki 420, ka ga a doki ba a yi masa nisa ba, amma murɗawa 460 kacal, ko rabi bai kai ba. Kuma injin gas tun yana ƙasa-ƙasa yake ba da nasa ƙarfin, ba sai ya yi ta kururuwa ba.

Amma ni a ganina abin da ya fi wannan shi ne zafi. Hawa dutse da tan 15 a baya minti ashirin totur a ƙasa, wuta ce ake hurawa a cikin inji da giyabos, in ba inda za ta fita wani abu zai narke. Dubi fuskar waɗannan motocin yadda take kamar ƙofar gari, ba ado ba ne kawai, iska ake nema. Injin 6.7 na Ford lagireto biyu gare shi da famfon ruwa biyu, kowanne da layinsa. Cummins na shan baƙin mai sama da lita 11. Giyabos ɗin ma da nasa abin sanyayawa babba. Jif ba ta da wurin zuba duk wannan, kuma mai ita ba zai yarda ya biya kuɗinsa ba.

Birki fa? Ya ake tsayar da tan 18?

Tirelar da nata birkin, na lantarki, akwai ɗan maɓalli kusa da sitiyari da direba ke saita ƙarfin kamunsa, kuma manyan jif da yawa su ma suna da shi. Inda aka bar su a baya shi ne birkin salansa. A injin gas na manyan a-kori-kura na'urar tabo (turbo) na matse hanyar hayaƙi idan ka ɗaga ƙafa daga totur, injin ya koma yana riƙe motar da kansa, sai ka sauko dogon gangare ba ka cika taɓa feda ba. Duk wanda ya taɓa jin ƙaurin birkin babbar mota a gangaren dutse ya san amfanin wannan, birkin da ya yi zafi taka shi kake kamar ka taka soso.

Waye ke yanke lambar nan? Ba kamfani ne ke rubuta abin da ya ga dama ba?

Da can kusan haka ne, kowa da nasa gwajin, wannan ya ce 10,000 gobe wancan ya ce 10,100. Sai ƙungiyar injiniyoyin mota ta SAE ta fitar da ma'auni guda mai suna J2807. Toyota ce ta fara bi, sauran manyan suka shigo wajen 2015. A ciki akwai hawan Davis Dam a jihar Arizona, hanya mai lamba 68, kilomita 18 ana hawa, zafin gari kada ya gaza digiri 38, esi a ƙure, kuma kada gudu ya sauka ƙasa da kilomita 64 a awa, masu taya bibbiyu an yi musu rangwame zuwa 56. Ba a yarda fitilar gargaɗi ta kama ba, ba a yarda ruwa ya zuba ba. Akwai kuma tashi daga tsaye a hawa mai kashi 12, sau biyar cikin minti biyar, gaba da baya, da gwajin birki da na rawar tirela. Duk inda mota ta fara gazawa nan lambarta ta tsaya, ko da sauran sassan na da sauran ƙarfi.

Jif ɗina an rubuta kilo 4,000, kenan zan iya ɗaura tirelar kilo 4,000 in kwashi iyali mu tafi?

Tsaya tukun malam. Waccan lambar da direba da fasinja ɗaya aka auna ta, kowanne laba 150, kilo 68 kenan, ba kaya ba komai. Buɗe ƙofar direba ka duba takardar da ke manne a jikin ginshiƙi, akwai lambar iyakar lodin da motar za ta ɗauka, a manyan jif yawanci tsakanin kilo 600 ne da 800. Tirelar kilo 4,000 za ta aza maka kilo 400 zuwa 600 a ƙugiya. Cire ka gani. In saura 200 ne, to kai da uwargida da yaro ɗaya kun cinye, sauran yaran da akwatuna da kular abinci duk sun zama obalodi. Yawancin masu jif ta nan suke karya ƙa'ida ba su ma sani ba, suna ta kallon lambar ja.

Ita kuwa F-350 mai taya bibbiyu akwai wacce ke ɗaukar laba 8,000 a bayanta, tan 3 da rabi da ɗori. Tirelar tan 16 a kashi 15 tana aza kilo 2,400, buhun siminti 48 a wuri ɗaya, kuma da sauran wuri.

In na ƙara sifirin ko na saka balan-balan ɗin iska a baya fa?

Motar za ta miƙe ta daina durƙuso, shikenan. Aksil, boris, birki, taya, lagireto duk suna nan yadda suke, lambar da ke jikin ƙofa ma ba ta canza ba. Abin da ke taimakawa da gaske ƙugiya ce mai sanduna biyu da ke mayar da wani kason nauyin zuwa tayoyin gaba da na tirela, kuma jif da yawa sai da ita ake yarda su kai cikakkiyar lambarsu.

Land Cruiser da Hilux fa, me ya sa duk kilo 3,500 ake rubuta musu?

Ka lura kenan. Land Cruiser 300 kilo 3,500, Hilux a ƙasashe da yawa 3,500, Ranger ma haka. Wannan katangar doka ce da kayan ɗauri, a Turai tirelar ƙaramar mota mai birkin da ke kamawa idan ta turo motar iyakarta kenan, kuma ƙwallon milimita 50 da ake amfani da shi nan aka tsayar da shi. A Ostareliya Ram 1500 na jan 4,500 amma sai an sauya ƙwallo zuwa na milimita 70. Tirelar da ba ta da birki kwata-kwata kuwa a waɗannan ƙasashen kilo 750 ne iyaka, komai girman motar.

Ana buƙatar lasin na daban?

A Amurka idan aikin kuɗi kake yi, kuma jimillar nauyin da aka yarje wa mota da tirela ya kai laba 26,001, tirelar kuma ta wuce 10,000, sai da lasin manyan motoci ajin A, irin na direban tirela. Mai jan gidansa na yawon hutu kuma dokar jiharsa ce ke magana, jihohin ba bakinsu ɗaya ba.

To kawai in sayi babbar a-kori-kura in huta?

In abin da kake ja bai wuce tan 2 ko 3 ba, kuma sau uku ne a shekara, wallahi jif ta fi maka. Babbar a-kori-kura ba lodi tsalle take yi kamar doki, kowane ɗan rami sai ka ji shi a ƙugu, sai an aza mata nauyi take natsuwa. Juya ta a lungu aiki ne, fakin kuma sai ka ci gurbin mota biyu. Zaɓin injin gas kaɗai na ƙara kuɗi mai yawa a farashi, kuma da yake sun wuce laba 8,500 ba a ma manna musu takardar nan ta yawan shan mai da ake gani a gilashin sababbin motoci, sai ka saya ka gane wa idonka.

Mai tunanin shigo da tokumbo kuma ya sa wannan a lissafi, injinan gas na Amurka na bayan 2007 an yi su ne don gas mai ƙarancin sulfa sosai, kashi 15 cikin miliyan, suna da matatar hayaƙi a salansa, na baya-bayan nan kuma suna shan ruwan yuriya da ake ce wa DEF a wani tanki daban. In ruwan ya ƙare kwamfutar motar da kanta za ta rage maka gudu har ka koma rarrafe, in kuma gas ɗin ba mai kyau ba ne matatar ce za ta fara toshewa, kuma kafin ka biya kuɗin jirgi gara ka fara tambayar bakanikenka ko yana da na'urar da ke karanta ta.